Ramukan Daɓen Ɗakin Inna

Bashiru ya aiko da kwalayen tayil daga Sakkwato, ga su can jibge a bakin zaure, awaki sun mai da su wurin hawa. Ya ce da ruwa ya ɗauke zai turo mai aiki a gyara mani ɗaki, a cike ramukan nan da kowa ke yi mani dariya a kansu. Allah shi yi maka albarka, Bashiru, na san don ƙauna ka yi. Amma kafin wani ya shigo mani ɗaki da diga, ku zauna ku ji yadda anka yi ramukan ga sunka samu, kai da Asabe da Luba da sauran ƙannenku. Kun daɗe kuna jin ana cewa uwarku, wadda ta yi shekara da shekaru tana jan mata wurin daɓe, hannunta ya kuskure a ɗakin surukarta. Kun ji kun yarda, har Luba kan tsokane ni da zancen a gaban jikokina. Ban taɓa musawa ba. To, yau zan musa, don lokacin da abin ya faru kai kana birni, Asabe na ɗakinta a Dinawa, Luba kuwa ba ta san komai ba sai wasan ƙasa.

Sai na fara da kakarku, Inna, uwar babanku, Allah shi jiƙan su duka. Shekara biyu da kawo ni daga Rabah idonta ya tafi, ya tafi a hankali, har wata safiya ta tambaye ni ko gari ya waye alhali rana ta kai bakin rumbu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yarda an yanko mata sanda ba. Gidan ta sani da ƙafarta. Daga ɗakinta zuwa randa, daga randa zuwa turken awaki, daga can zuwa gindin tsamiya, ba ta taɓa cin karo da ko turmi ba. Baƙo kan wuni a gidanmu bai gane makauniya ce ba. Sunana ba ta taɓa kamawa ba, Ta Rabah take ce mani har ta koma ga Allah. Na babanku kuwa, da yake shi ne ɗan fari, ko kusa. Sai dai ta ce “mai gidan ga”. Mace ce mai tsananin son kanta da kanta. In ka miƙa hannu za ka taimake ta, sai ta kaɗe shi kamar an ɗora mata ƙuda. Ni kuma, kun san ni, hannuna ba ya jiran a kira shi. A nan munka fi samun saɓani.

Tsohon gidanmu yana bakin fadama ne, inda in ka tsaya a ƙofar zaure kana jin ƙamshin gulbin Rima da na albasar garka a haɗe. Shekarar da ruwa ya ci gari, da rana tsaka ya zo. Ba da gudu ya zo ba. Ya shigo tsakar gida a kwance, yana lasar gindin bango, sai ka ce baƙon da ya san hanya. Maza sunka kwashe mu cikin jirage zuwa tudu. Daga can bisa na zauna ina kallon garinmu yana narkewa. Har yau in na rufe ido ina ganin jinkar ɗakina tana juyawa a kan ruwa sannu sannu, da zakara ɗaya tsaye bisa kanta yana cara. Albasar da munka adana a rudu, rumbunta na kara, ta watse, jajaye, suna ta lilo har inda ido ya ƙare. Inna kuwa, tana zaune kusa da ni a kan buhu, ta juyo da kunnenta wajen ruwa.

“Ta Rabah, ɗakina ya hwaɗi?”

“Ya hwaɗi, Inna.”

“Tau. Bangon arewa yaf hwara, na ji shi.”

Da ruwa ya janye, kowa ya san ba a sake gini a can. Dattawa sunka yanke shawara a tudu za a zauna. Amma Inna ta kafe sai an kai ta kufai. Babanku ya kai ta don ta taɓa da hannunta ta haƙura. Yana tone lakar da ta rufe wurin ɗakinta, sai fartanya ta yi ƙara. Ashe daɓen yana nan! Bango ya tafi, jinka ta tafi, gado ya tafi, amma daɓen da matan dā sunka yi wa ɗakin tun ana shirin kawo ta amarya yana nan daram, ja wur kamar goro, ruwa bai iya komai da shi ba. Har dokin ƙofa ya rage ɗan guntu. Inna ta tuɓe takalmi ta taka, sannan ta zauna. Daga nan ba wanda ya isa ya tashe ta. Dole babanku ya kewaye wurin da zana, ya ɗora mata 'yar jinka, munka riƙa saukowa da abinci muna kwana da ita bi da bi.

Abin da na gani a rani na wannan shekara ban taɓa faɗa wa kowa ba, don kada a ce tsufa ya taɓa ni tun ban tsufa ba. Da sassafe, hayaƙin ruwa na tashi daga gulbi ya lulluɓe kufai, sai Inna ta fito daga bukkarta ta kama hanyar randa. Babu randa. Amma sai ta karkata daidai inda rumbu yake dā, ta kauce masa, ta sunkuyar da kai daidai inda ƙofar shiga madafa take, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar da gulbi ya tafi da shi. Fili ne fetal, ba komai sai tsamiya da busasshiyar laka da ta tsattsage. Ni ina tsaye ina kallo, wallahi sai in ga kamar bangayen suna tasowa a gefenta cikin hayaƙin nan, tana wucewa suna kwantawa. Mu masu ido mun rasa gida, ita tana cikin nata. Wani lokaci tausayi ya kama ni, wani lokaci kuwa, Allah na tuba, hassada.

A tudu kuwa aiki ya kankama. Wasu masu taimako sunka zo da wata yarinya injiniya, 'yar siririya, kullum da malafa bisa ɗankwali. Mama take ce mani, irin ta mutanen birni. Mun zaci bulon siminti za a kawo muna, sai munka ga an sauke wani ƙarfe mai dogon hannu. Jar ƙasar tudunmu za a tankaɗe, a ɗan barbaɗa mata siminti kamar gishiri a miya, a yayyafa ruwa, a zuba cikin ƙarfen, maza biyu su danne. Sai bulo ya fito sumul, ba a ƙona itace ko ɗaya ba. Maza sunka yi ta gunaguni, wai ƙasa ta ci amanarmu an sake kawo muna ƙasa. Injiniya ta ce ba ƙasa ce ta ci amanarmu ba, ƙafar ɗaki ce ba ta da takalmi, kansa kuma ba shi da malafa. Ta sa anka yi tushe da dutse har gwiwa, rufi ya zarce bango sosai don kada ruwan sama ya doke shi, da 'yan tagogi can bisa inda zafi ke fita. Kowane gida anka ba shi dashen itace, da tanki mai tarbe ruwan indararo, da faifan sola ɗaya na fitila. Ku da kunka kwana cikin ɗakunan nan a watan bazara kun san ba ta yi ƙarya ba.

Gidajen a jere anka zana su, iri ɗaya. Babanku ya je ya same ta da wata doguwar igiya mai ƙulli ƙulli. Ashe kwana uku ya yi a kufai yana bin sawun Inna, yana ƙulla igiya: nan ɗaki, nan randa, nan rumbu, nan turke. Ya roƙe ta a bar shi ya fitar da namu gida bisa wannan awo. Ta duba igiyar, ta duba takardarta, ta yi dariya ta ce igiyarsa ta fi takardarta tsufa, a bi igiya. Shi ya sa har yau gidanmu ne kaɗai ya karkace a layin nan. Ɗakin Inna anka fitar da shi daidai da na dā, faɗi da tsawo, ƙofa na kallon inda take kallo. Liman da kansa ya zo ya tabbatar da gabas.

Yanzu ga inda na yi ɓarnar, ku saurara da kyau, don laifina ne ni kaɗai. Da anka zo zancen ƙasan ɗaki, sai anka ce kowane gida zai sami ɗaki ɗaya na daɓen siminti, sauran mata su daɓe da kansu yadda anka saba. Ni kuwa ni ce uwar daɓe a garinmu. In za a yi wa amarya ɗaki, ni ake fara gaya wa. Ni ke zaɓen burji, tsakuwar nan ja da ake shimfiɗawa, ni ke ba da waƙa mata na amsawa suna dukan ƙasa da madaɓi, ni ke jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, wadda ruwanta ke sa daɓe ya yi ja ya yi tauri. An san daɓena da abu ɗaya: in ka zuba ruwa a tsakiya, bai san inda zai nufa ba. Amma a zuciyata na raina sana'ata. Ina ganin siminti shi ne girma, shi ne abin da ake yi wa manya. Babanku ya ce a sa shi a zaure don baƙi. Na ce atafau, babba ɗaya gare mu a gidan ga, ɗakin Inna za a sa. Na yi ta faɗa har ya gaji ya bar mani. Anka zuba, anka goge, ya fito sumul yana sheƙi. Na yi ta kiran mata su zo su gani.

Da lallashi da roƙo, har da sa bakin liman, Inna ta yarda anka hau da ita cikin amalanke. Ta shiga gidan ta bi shi tiryan-tiryan, randa na inda randa take, rumbu na inda rumbu yake. Babanku sai murmushi yake yana shafa gemu. Ta shiga ɗakinta ta zauna bakin gado. Anka kira azahar. Ta yi alwala, ta shigo, ta yi taku uku daga ƙofa, ta tsaya. Na ga ƙafarta na shafar ƙasa, tana lalube, dama, hagu, gaba kaɗan. Ban gane mi take nema ba. Can ta gaji ta shimfiɗa buzunta ta ta da kabbara, ta ba gabas kafaɗa, tana fuskantar arewa sosai. Ga mata cike da ƙofar ɗaki sun zo barka. Ni kuwa da hannuna mai gaggawa, ban tsaya tunani ba, na shiga na kama kafaɗunta biyu na juya ta. Tana cikin salla, a gaban mutane. Na ji jikinta ya sandare a hannuna. Ta idar da sallarta, ta yi addu'a, ta jira har mata sunka watse.

“Ta Rabah.”

“Na'am, Inna.”

“Tun ba a haihe ki ba nika salla. Ban taɓa tambayar mutum gabas ba. Yau ga ni ana juya ni awa tulu.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kashegari da safe ta naɗe buzunta ta ce a mai da ta. Babanku ya durƙusa gabanta, ya ce zai kafa mata ƙusa a bangon gabas ya ɗaura igiya ta riƙa bi.

“Igiya? Ni akuya ta?”

“Inna, damina ta kusa. Gulbi za shi dawo.”

“Shi dawo. Ya san inda nike. Gaya ma mai gidan ga, Ta Rabah, shi kawo amalanke.”

Yana durƙushe a gabanta amma ni take aika wa. Haka take in ranta ya ɓaci. Anka mai da ta kufai.

Daga nan kwanaki sunka zame mani kamar mafarkin zazzaɓi. Shamuwa ta iso. Iska ta juya, da yamma gabas kan yi duhu ta washe. Masunta na cewa ruwan gulbi ya fara sauya launi. Duk wanda ya gan ni a hanya sai ya tambaye ni yaushe za mu ɗauko tsohuwa, kamar ni na ajiye ta. Gaskiya kuwa ni na ajiye ta. In gulbi ya ɗauke ta, da hannuna biyun nan na miƙa masa ita. Kullum ina sauka da fura ina hawowa, ina ta juya abu ɗaya a raina: mi ƙafarta ke nema?

Ran da na gane, ba wani abu ya faru ba. Na shiga bukka da buta, na yi tuntuɓe da guntun dokin ƙofa, ruwa ya zube a kan tsohon daɓe. Rana ta ratso ta ɓular zana ta sauka a wurin. Sai na ga ruwan ya gudu ya taru wuri biyar, yana ƙyalli. Biyu kusa da juna, dogaye, daidai tafin ƙafa. Biyu a gabansu, zagayayyu. Ɗaya can gaba, ƙarami, marar zurfi. Ikon Allah! Shekara nawa ina share ɗakin nan, tsintsiyata ta san da su, ni ban sani ba. Inda take tsayawa, inda gwiwoyinta ke sauka, inda goshinta ke taɓawa. Sau biyar a rana tun tana amarya, har ƙasa ta lotsa ta ɗauki siffarta. Taku uku daga ƙofa, ƙafa ta faɗa gurbinta, ga gabas. Ba ta bukatar kowa. Babanku ya auna bango da ƙofa da rumbu, ni na zo na shafe abu ɗayan da ya fi su duka. Na zauna a wurin na yi kuka ba sauti, don kada ta ji.

Kashegari na sauko da gero ƙulle a zane. Na jira har ta fita gindin tsamiya bayan azahar ta kishingiɗa. Na durƙusa na riƙa zuba gero cikin kowane rami har ya cika, in share bakinsa da kara ya daidaita da daɓe, in kwashe in ƙulle a tsumma dabam. Ƙulli biyar. Nisansu daga dokin ƙofa, da tsakanin juna, na karya karan dawa daidai da kowane. Faɗinsu na auna da yatsuna. Awon da na iya ke nan, awon mata. Na goya ƙulle-ƙullen da karare a baya kamar jinjiri na hau tudu.

Ranar kasuwar Goronyo babanku ya tafi tun da safe. Na ɗauki digarsa na shiga ɗakin Inna. Bugun farko sai da na rufe ido. Na biyu, wallahi daɗi na ji. Kafin la'asar na farfashe simintin nan kaf, na kwashe shi a kwando na zube bayan gida. Babanku ya dawo ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallo.

“Ke kinka ce a sa. Ke kinka hwasa. Mi ad damuwarki, wai?”

“Daɓe za ni yi.”

“Gari duka za su ce mun raina kyauta.”

“Su ce.”

Ban gaya masa dalili ba. Na san shi, ba ya iya ɓoye wa uwarsa komai, da ta ji muryarsa za ta tatse shi. In kuwa Inna ta san an haƙa mata rami don tausayi, to igiya ce da wani suna, ba za ta taka ba. Kwana huɗu bai ci tuwona ba. Injiniya ta zo ta ga ɓarna, ranta bai so ba, na gani a fuskarta. Amma da na ce mata daɓen dā ya kwana cikin ruwa ya fito da ransa, sai ta sauka kufai ta gano da idonta. Ta dawo ta zauna tana tambayata makuba kwana nawa ake jiƙa ta, tana rubutawa. Abu ɗaya ta roƙe ni, in shimfiɗa ƙananan duwatsu a ƙasa kafin burji don kada sanyi ya taso. Na ce wannan mai sauƙi ne.

Na yi gayya, na dama fura ƙwarya uku, mata sunka cika ɗaki. Na ba da waƙa sunka amsa, madaɓai na sauka tare, ƙasa na amsawa har cikin ƙirji. Rabon da a ji wannan sauti tun kafin ruwa, har tsofaffi maza sunka tsaya a bayan katanga suna saurare. Da rana ta yi sanyi daɓe ya kwanta lif, ba tudu ba kwari. Mata sunka tafi. Na jawo ƙofa, na fito da kararena na shimfiɗa daga dokin ƙofa, na yi alama. Daɓen na da sauran danshi, amma ya riga ya kama, ba ya lotsawa da wasa. Da ƙugun madaɓi na yi ta duka wuri ɗaya, in shafa ruwa, in goge da dutsen niƙa, in zuba gero in gani, in kwashe in ci gaba. Abin da ta yi shekara hamsin tana yi da nauyin jikinta, ni na so in yi shi kafin ƙasa ta bushe. Kwana biyu na yi a kai. A rami na huɗu na ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗata ta dama. Tun ran nan hannun ga bai sake wuce kunnena ba. Kun sha tambayata dalilin da ya sa nake ɗaura ɗankwali da hagu, na ce maku sanyi ne.

Ranar zuba makuba mata sunka dawo. Anka kwara jan ruwan nan, ya bazu, ya gudu ya taru wuri biyar. Hajo, ƙawata tun muna amare, wadda bakinta bai san linzami ba, ta riƙe haɓa.

“Ke Ta Rabah! Daɓe kinka yi ko gurbin dara?”

Anka fashe da dariya. Na ce hannu ne ya kuskure. Kafin magariba zancen ya kai Kwargaba. Daga ran nan ba a sake fara gaya mani in za a yi wa amarya ɗaki ba. Hajo ce ta gaji waƙar, ga ta da murya kamar ta jaki, Allah shi jiƙan ta. Ya yi mani ciwo, kada ku ce bai yi ba. Nakan ji madaɓai na tashi a wani gida in shige ɗaki in rufe ƙofa.

A al'adarmu ba a shiga sabon daɓe sai babbar gida ta fara takawa ta sa albarka. Da wannan na kama Inna. Na ce mata ba zama za ta yi ba, takawa kaɗai, amalanke na jira a mai da ta. Albarka kuwa ba ta iya hanawa. Ran da anka hau da ita, hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska na ɗauke da ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Ta tuɓe takalmi a ƙofa. Ta sa ƙafar dama, ta ce bisimilla, ta shaƙi ƙamshin makuba. Taku ɗaya. Biyu. A na uku ƙafarta ta zame kaɗan ta zauna cikin gurbi, ta hagu ta bi ta. Ta tsaya cik. Ni ina riƙe da bakin ƙofa ina kallonta. Ban san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba. Ɗigon farko ya buga rufi.

“An yi kiran la'asar?”

“Yanzu anka yi, Inna.”

“A ba ni buta. Mai gidan ga shi koma shi ɗauko man buzuna da tasbahata kahin ruwa shi sauko.”

Babanku ya dubi ramukan, ya dube ni, ya fita da gudu kamar yaro. Bai taɓa ta da zancen ba har ya rasu. Amma duk ranar kasuwar Goronyo sai ya sayo mani man zafi ya ajiye a bakin gadona. Wata bai cika ba gulbi ya hau kufai ya shafe bukkar da tsohon daɓen, wannan karon bai bar komai ba.

Damina huɗu Inna ta yi a ɗakin nan, ba wanda ya sake nuna mata gabas. Ni kuma ina ta jin daɗi a raina cewa na yi wa tsohuwa wayo. A ciwonta na ƙarshe, wata hantsi ina shafa mata man shanu a ƙafa, sai ta kira ni.

“Ta Rabah, geron da kinka auna da shi, kin mai da shi rumbu ko kin ba kaji?”

Hannuna ya tsaya.

“Makauniya nike, ba kurma ba. Ina gindin tsamiya ina jin zubar shi.” Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta. “Ramin ƙafar dama ya ɗara na gida zurhi da kaɗan. Bar shi. Da ma can nika tahiya.”

Ta lalubo hannuna, na damar nan da ya lalace, ta riƙe. Shekara talatin da wani abu muna tare, ran nan ne kaɗai ta kama hannuna da kanta.

Bayan rasuwarta na koma ɗakin, kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun bara idona ya fara yana. Da safe nakan ga tsakar gida kamar hayaƙin gulbi ya hawo tudu ya shigo muna. Fuskar Luba sai ta matso nake rarrabe ta. Ban faɗa ba don kada ku taso da mota da igiyoyinku. Za mu je asibiti, na yarda, in an dace an dace. Amma Bashiru, tayil ɗin nan ka sa a zaure, inda babanka ya so tun farko, baƙi su gani su yaba. Ɗakina ku bar mani shi yadda yake. Taku uku ne daga ƙofa, kuma ƙafata ta riga ta san wurin.